Yadda ake amfani da magungunan buɗe jijiyoyin jini, daga na ƙarƙashin harshe zuwa na hawan jini

Idan likita ya rubuta maka magani yace wannan zai buɗe maka jijiyoyin jini, ko kuma kai ne kake jinyar mahaifi ko mahaifiya da aka ɗora a kan irin waɗannan magunguna, don Allah ka zauna ka karanta wannan a nutse. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, amfanin maganin shine ya sauke ƙarfin jini, haɗarinsa ma daga nan yake fitowa idan ya sauke shi ya wuce kima, dan haka kusan duk ƙa'idar da zan kawo tana komawa ne kan yanda za ka ci moriyar saukar ba tare da jiri ya kayar da kai ba.

Jijiyar jini tana da tsoka a bangonta, tana tsukewa tana sakewa. Idan ta tsuke sai zuciya ta riƙa tura jini da ƙyar kamar wanda ya taka mesa yana jiran ruwa ya fito. Kuma ɗan buɗewa kaɗan ba ƙaramin abu bane, a lissafi idan faɗin bututu ya ninka biyu ruwan da zai iya wucewa yana ninkawa har sau 16. Wasu magungunan sun fi buɗe jijiyoyin da suke kai jini cikin jiki, sai zuciya ta samu sauƙin turawa. Wasu kuma sun fi buɗe masu dawo da jini, sai jinin da yake cika zuciya ya ragu ta ɗan huta. Wasu duka biyun suke yi.

Mataki na farko, ka san wanne aka baka

Ɗauko kwalin ka duba sunan maganin na asali, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasan sunan kamfani. Idan ya ƙare da "dipine" to dangin amlodifin da nifedifin ne, na hawan jini da ciwon ƙirji. Idan ya ƙare da "pril" dangin lisinofiril da enalafiril ne, idan "sartan" ne dangin losatan da falsatan kenan, su biyun ana bada su ga hawan jini da gazawar zuciya da kare ƙoda musamman ga mai ciwon suga. Idan kaga "nitrate" ko "nitroglycerin" a cikin sunan ko haruffan GTN, to dangin naitiret ne na ciwon ƙirji. Mai "zosin" a ƙarshe shima na hawan jini ne kuma ana ba maza masu kumburin furostet da yake tare musu fitsari. Sai haidiralazin da minoksidil, su ba a cika farawa da su ba. Ka rubuta sunan da adadin miligiram da lokacin sha a takarda ka sa a aljihu, ko ka ɗauki hoton kwalin a waya, wallahi wannan ɗan abin yana ceton rai ranar da aka kai mutum asibiti baya iya magana.

Mataki na biyu, kafin ƙwayar farko

Ka faɗa wa likita komai da kake sha, harda wanda ka saya da kanka da na gargajiya da na ƙarfin maza, kada kunya ta hana ka. Mace ta faɗi idan tana da juna biyu ko tana neman ɗauka. A faɗi idan akwai ciwon ƙoda, ko an taɓa samun kumburin leɓe da harshe bayan shan wani magani, ko an taɓa ce maka ƙofar zuciyarka ta tsuke, domin mai tsukakkiyar ƙofar zuciya idan aka buɗe masa jijiyoyi da ƙarfi jininsa na iya faɗuwa warwas.

Mataki na uku, na ƙarƙashin harshe

Nan zan daɗe saboda nan ne ake yawan kuskure. Naitirogilisarin, wato GTN ɗin nan na dangin naitiret, tsohon magani ne, wani masanin sinadarai ɗan Italiya Ascanio Sobrero ne ya fara haɗa shi a 1847, shine dai sinadarin da Alfred Nobel ya yi nakiya da shi, kuma a 1879 wani likitan Ingila William Murrell ya wallafa cewa yana kwantar da ciwon ƙirji. An yi kusan shekara 100 ana amfani da shi kafin a gano cewa a cikin jiki yana sakin wata iska ce mai sa tsokar jijiya ta saki, masu bincike uku da suka gano aikin wannan iskar aka ba kyautar Nobel a 1998.

Ciwon da ake bada shi dominsa shine wanda jijiyoyin da suke ciyar da zuciyar kanta suka ƙuntata, mutum na tafiya ko hawa bene ko ransa ya ɓaci sai yaji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, wani lokacin ya sauka hannun hagu ko ya hau wuya da muƙamuƙi. Da zarar ya fara ka tsaya da duk abinda kake yi ka zauna. Zama fa nace, kada ka sa shi kana tsaye, jini zai taru a ƙafafu ka yanke jiki ka faɗi. Idan ƙwaya ce ka sa guda ɗaya a ƙarƙashin harshe ka barta ta narke da kanta, ba a haɗiye ta ba a taunawa ba a kora ta da ruwa, saboda idan ta shiga ciki hanta ce za ta lalata kusan dukkanta kafin ta kai ga jini. Idan bakinka ya bushe ka ɗan jiƙa shi tukuna. Idan na feshi ne ka riƙe kwalbar a tsaye, ka ɗaga harshe ka fesa, kada ka shaƙa, ka rufe baki, kada ka kurkure baki nan take. Sabuwar kwalba ko wadda ta jima ba a taɓa ba a fara fesa ta a iska nesa da fuska har ta fito sosai. Feshi ɗaya yawanci miligiram 0.4 ne, ƙwayoyin kuma tsakanin 0.3 zuwa 0.6.

Sai ka kalli agogo, kada ka ƙiyasta da ka domin mai ciwo minti ɗaya kamar awa yake ganinsa. Maganin yana kama aiki cikin minti 1 zuwa 3. Idan minti 5 ta cika ciwon yana nan ko ya ƙaru, a kira motar asibiti ko a nemi mai kai ka, sannan ka sa na biyu kana jira. Bayan wata minti 5 za a iya sa na uku, daga nan an tsaya, uku cikin minti 15 shine iyaka. Wasu likitocin sukan ce a kira bayan na biyu, ni dai shawarata kada ka jira na biyu kafin ka nemi taimako, ciwon da ya ƙi jin naitiret yana iya zama jijiyar zuciya ce ta toshe gaba ɗaya, kuma duk mintin da ya wuce tsokar zuciya ce take mutuwa. Idan ciwon ya zo da zufa mai sanyi ko amai ko sarƙewar numfashi ko ya taso kana kwance baka yin komai, ba ma sai ka jira minti 5 ɗin ba. Kada ka tuƙa mota da kanka. Idan ma'aikatan lafiya suka ce ka tauna asfirin kuma baya yi maka illa to ka tauna.

Ciwon kai mai sara, fuska ta yi zafi, ɗan jiri, duk waɗannan an saba gani, jijiyoyin kai ne suma suka buɗe. Farasitamol yana taimakawa, kuma idan ciwon ƙirjin ya lafa za ka iya tofar da sauran ƙwayar. Idan jirin ya yi yawa ka kwanta a ɗaga maka ƙafafu. Wanda yake da abin awon hawan jini a kusa, idan lambar sama ta gaza 90 kada ya ƙara wata ƙwaya.

Ana kuma amfani da shi tun kafin ciwon ya zo. Idan ka san hawa bene ko wani aiki yana tayar maka da shi, ka sa ɗaya minti 5 zuwa 10 kafin ka fara, a zaune.

Ajiyarsa ma sai da kula. Ƙwayoyin nan zafi da haske da danshi suna kashe musu ƙarfi, dan haka a barsu a kwalbarsu ta gilashi ta asali a rufe gam, kada a juye su cikin leda ko akwatin jera magunguna na mako, kada a bar su cikin mota a rana ko a aljihun da yake manne da jiki. Ka rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalbar, wasu nau'in bayan sati 8 da buɗewa ake zubarwa, ka duba takardar ciki. Na feshi ya fi daɗewa amma yana kama wuta, a nisanta shi da sigari da murhu.

Mataki na huɗu, abinda ba a haɗawa da naitiret ko kusa

Magungunan ƙarfin maza irin su Viagra da Cialis, wato sildenafil da tadalafil, suma masu buɗe jijiya ne, asali ma sildenafil don ciwon ƙirji aka fara gwada shi. Idan suka haɗu da naitiret a jiki guda jini yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai har mutum ya mutu, garin neman ƙiba a samo rama. Wanda ya sha sildenafil ba ya taɓa naitiret sai bayan awa 24, mai tadalafil sai bayan awa 48. Idan ciwon ƙirji ya kama ka a cikin wannan tsakanin kada ka sa komai a ƙarƙashin harshe, ka tafi asibiti ka faɗa musu gaskiyar abinda ka sha da lokacin da ka sha, babu wanda zai tsaya yi maka dariya, ranka suke nema su ceta. Wanda yake shan naitiret kullum kuwa waɗannan magungunan ba nasa bane sam. Kuma a yi hattara da haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake cewa na ganye ne zalla, an sha gano sildenafil a ɓoye a cikin irinsu. Giya ma tana ƙara saukar da jinin.

Mataki na biyar, naitiret mai dogon aiki

Akwai aisosobaid na haɗiya da kuma filastar da ake mannawa a fata, su na rigakafi ne, ba sa tsayar da ciwon da ya riga ya taso. Matsalarsu jiki yana sabawa da su da sauri, idan maganin yana cikin jini dare da rana cikin 'yan kwanaki sai ya daina aiki. Shi yasa ake barin tazara ta awa 10 zuwa 14 babu shi. Idan an ce ka sha sau biyu a rana, galibi ana nufin misali ƙarfe 8 na safe da 2 ko 3 na rana, kada ka gyara da kanka ka mayar safe da dare wai don ya daidaita. Filasta a manna da safe a wurin da babu gashi, a cire da dare, gobe a canza wuri, a tabbata an cire tsohuwar kafin a sa sabuwa. Ƙwayar da aka yi ta don ta riƙa saki a hankali ba a daka ta ba a taunawa.

Mataki na shida, na hawan jini na kullum

Ka zaɓi lokaci ɗaya ka tsaya a kai. Amlodifin miligiram 5 zuwa 10 ne sau ɗaya a rana, yana daɗewa a jiki, sai ya yi kamar mako kafin aikinsa ya zauna, dan haka kada ka auna bayan kwana biyu kace baya aiki. Abinda aka fi kuka da shi kumburin idon sawu ne, musamman da yamma, kuma wannan kumburin maganin fitsari, wato mai sa yawan fitsari don rage ruwan jiki, baya sauke shi sosai saboda ba ruwa ne ya yi yawa a jiki ba, sai dai likita ya rage adadin ko ya haɗa da wani. Yana iya sa dasashi ya kumbura, a kula da wanke baki. Tsohuwar dabarar nan ta fasa kafson nifedifin a zuba ƙarƙashin harshe idan jini ya hau an daina ta, tana sauke jini farat ɗaya har ta jawo shanyewar ɓarin jiki.

Masu "pril" labarinsu ya faro ne daga dafin wani maciji na ƙasar Barazil, daga binciken dafin aka kai ga kaftofiril da aka amince da shi a 1981. Kusan mutum 1 cikin 10 suna samun busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, maganin tari baya yi masa komai, ka koma wurin likita ya mayar da kai kan mai "sartan". Ba a shan "pril" da "sartan" tare. Sati 1 zuwa 2 bayan farawa ko ƙara adadi dole a yi gwajin jini a duba ƙoda da sinadarin fotasiyam, mutane da yawa suna tsallake wannan gwajin saboda suna jin garau, alhali fotasiyam idan ya hau baya sallama sai dai ya rikita bugun zuciya. Kada ka sha ƙarin fotasiyam da kanka. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak idan suka haɗu da waɗannan ga kuma maganin fitsari, ƙoda ce take shan wuya.

Alamar da ba a wasa da ita itace kumburin leɓe ko harshe ko fuska ko maƙogwaro. Tana iya zuwa ko bayan shekaru ana shan maganin lafiya, kuma ta fi samun baƙar fata. A daina maganin a tafi asibiti a take, ba a sake komawa kan "pril" har abada.

Masu "zosin" ƙwayar farko a sha ta a bakin gado lokacin kwanciya, domin ita ce take kayar da mutane. Duk dangin nan gaba ɗaya ka koyi tashi a hankali, daga kwance ka zauna minti ɗaya ka motsa ƙafafu sannan ka miƙe kana dafe da wani abu, musamman tsofaffi masu tashi fitsari cikin dare. Wanka da ruwa mai zafi sosai da doguwar tsayuwa a rana suna ƙara jirin.

Mai juna biyu ba ta shan "pril" ko "sartan", suna lalata ƙodar jariri. 'Yar'uwa idan kin ga kin yi ɓatan wata kina kan ɗayansu ki ga likita a ranar, akwai waɗanda ake ba masu ciki kamar nifedifin da labetalol da metildofa.

Mataki na bakwai, idan zuciya ce ta gaza

Nan ana fara maganin da kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali, ko da jininka ba mai hawa bane, manufar a rage wa zuciya kaya ne, dan haka kada kace ai jinina daidai yake ka ajiye. Ga wanda ƙodarsa ba za ta ɗauki "pril" ba, ko baƙar fatar da har yanzu yake haki duk da sauran magunguna, ana haɗa haidiralazin da aisosobaid. Wani bincike da aka wallafa a 2004 a kan baƙaƙen fatar Amurka 1,050 masu gazawar zuciya ya nuna ƙara wannan haɗin ya rage mutuwa da kashi 43 cikin ɗari. Wahalarsa sau uku ake sha a rana ga ciwon kai a farko, amma ya cancanci haƙurin. Haidiralazin yana sa zuciya gudu da tara ruwa, idan an daɗe ana shan mai yawa yana iya kawo ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi da ƙuraje, a sanar da likita. Wanda za a mayar kan haɗin sakubitiril da falsatan sai ya bar awa 36 bayan "pril" na ƙarshe. Ka hau sikeli kullum da safe bayan fitsari, ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne yake taruwa.

Minoksidil sai jinin da ya gagari sauran magunguna, yana fito da gashi a jiki kuma ba a bada shi shi kaɗai. Naitirofurusaid na ɗakin kulawa ta musamman ne ta ƙarin ruwa. Sildenafil ana ba masu hawan jinin huhu, silostazol ga masu ciwon ƙwauri idan suna tafiya amma banda mai gazawar zuciya, nifedifin kuma ga wanda yatsunsa suke fari su yi sanyi saboda tsukewar jijiya.

Mataki na takwas, awo a gida da ranakun rashin lafiya

Ka zauna minti 5 bayanka a jingine ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin magani da kuma yamma, kwana 7 a jere duk lokacin da aka canza magani, ka rubuta ka kai wa likita. Idan kana jin jiri ka auna a kwance sannan bayan ka tsaya, faɗuwar 20 a lambar sama ko 10 a ta ƙasa cikin minti 3 alama ce maganin yana neman gyara. Awo 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani ko karkacewar baki ko mutuwar hannu, asibiti kai tsaye, kada ka ƙara ƙwaya a gida.

Ranar amai ko gudawa mai yawa jiki ya bushe, ka tuntuɓi likita a ranar, sau da yawa akan dakatar da "pril" da "sartan" da maganin fitsari na kwana ɗaya ko biyu har ka koma ci da sha. Idan ka manta ƙwaya ka sha da ka tuna, in kuma lokacin ta gaba ya kusa ka tsallake, ba a ninkawa. Naitiret mai dogon aiki kuwa ba a yanke shi rana ɗaya, ciwon ƙirjin yana iya dawowa da ƙarfi fiye da na da, idan ciwon kai ne ya ishe ka ka faɗa a rage maka adadin, yawanci yakan lafa da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu.